Hawan Sallar Kano Ya Shiga Kundin UNESCO: Ina Makomar Badala da Karofi?

Idan mai karatu bai manta ba, a farkon watan Disamba na shekarar 2024 ne wani kwamiti na Hukumar Kula da Ilimi da Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNESCO, ya yi zamansa karo na 19 a birnin Asunsiyon na ƙasar Faragwai da ke Kudancin Amurka, inda ya amince da shigar da Hawan Sallar Kano cikin kundin al'adun gargajiya da duniya ke tinƙaho da su. Labarin ya faranta ran al'ummar wannan jiha ƙwarai da gaske, kuma ya cancanci a yi murna da shi, kamar yadda 'yan'uwanmu na Kabi suka yi a shekarar 2016 lokacin da bikin kamun kifi na Argungu ya shiga wannan kundi. Tun daga ranar kuwa maganar yawon buɗe ido ta dawo bakin jama'a. A tarurruka, a gidajen rediyo, har da majalisun hira na unguwanni, ana ta lissafin irin kuɗin shigar da jiha za ta samu idan baƙi suka fara tururuwa.

Mu ma muna cikin masu wannan fata. Sai dai aikinmu na jami'an yaɗa labarai ya sha haɗa mu da baƙi, 'yan jarida da ɗalibai da manyan ma'aikata masu ziyara, waɗanda akan umarce mu da mu zaga gari da su, saboda haka mun san tambayar da ke biyo bayan murna. Hawan Sallah 'yan kwanaki ne, sau biyu a shekara. To, baƙon da ya ji sunan Kano, ya sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano a wata ranar Talata ta watan Safar, lokacin da dawaki ke turke kuma an naɗe alkyabbu an adana, me za mu nuna masa? Amsar ita ce Dutsen Dala, da badala da ƙofofinta, da Kasuwar Kurmi, da karofin Ƙofar Mata, da Gidan Makama. A kan waɗannan wurare ne muke ganin akwai gyara, gyaran da ba zai iya jira ba.

Da farko ya kamata a fahimci cewa kundin UNESCO iri biyu ne. Akwai na al'adun da ake aikatawa, kamar bukukuwa da kiɗa da sana'o'in hannu, wanda yarjejeniyar shekarar 2003 ta kafa, kuma nan ne Hawan Sallah ya shiga. Akwai kuma na wurare da gine-gine, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar shekarar 1972. A wannan kundi na biyu Nijeriya ta samu shigar da Sukur ta Jihar Adamawa a 1999, sai kuma kurmin Osun da ke Osogbo a 2005. Ganuwar Kano, tare da Dala da Kurmi da Gidan Rumfa, an miƙa sunansu tun shekarar 2007, amma a jerin masu jiran gado aka ajiye su. Shekaru shida bayan haka, a 2013, tsohon birnin Agadas na Jamhuriyar Nijar, wanda shi ma da ƙasa aka gina shi, kuma fatake sun daɗe suna haɗa shi da Kano, ya samu cikakkiyar shiga. Abin da masu tantancewa ke dubawa ba ɓoyayye ba ne: shin abin yana nan tsaye bisa asalinsa, shin an san iyakarsa a ƙasa da kuma a takarda, shin akwai doka da tsarin da ke kare shi. Duk Bakanon da ya bi titin Jami'ar Bayero ya kalli abin da ya rage na badala zai iya ba kansa amsa.

Mu kan fara kai baƙo Dala ne, domin daga nan labarin ya faro. Masana sun gano alamun narka tama a gindin dutsen tun wajen ƙarni na 7, kuma littafin tarihin Kano, wanda Baturen mulki H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura kafin zuwan Bagauda a shekarar 999. Daga kan dutsen ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya ƙare wa birnin kallo a 1851, ya ga gidaje da gonaki da kududdufai duk a cikin ganuwa guda. Wanda ya hau yau zai ga rufin kwano har iyakar ganinsa. Wannan ba aibi ba ne, domin gari mai rai dole ya ƙaru. Abin da ke damunmu shi ne, idan baƙo ya ce a nuna masa inda ganuwa ta bi, sai mai rakiya ya yi ta nuni da yatsa yana cewa da can ta nan ta wuce. Shi kansa dutsen zaizaya na cin gefensa, gidaje sun matso har gindinsa, kuma batun tsafta a samansa magana ce da jama'ar unguwannin da ke kewaye suka fi mu sani.

Tarihi ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya aza harsashin ganuwar. Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, sannan Sarki Muhammadu Nazaki ya ƙara mata a farkon ƙarni na 17. Ke nan aiki ne na sarakuna da yawa da talakawa marasa adadi, wanda ya ɗauki fiye da shekaru 500 ana yi ana ƙarawa. Magabata ba gidaje kaɗai suka kewaye ba, sun haɗa da filayen noma da Dala da Goron Dutse, domin idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya a samu abin ci a ciki. Lokacin da sojojin Ingila suka ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu yana Sakkwato, Gwamna Lugga ya rubuta a rahotonsa cewa tsayin ganuwar ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a ƙasa kimanin ƙafa 40, kuma ya nuna bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Wannan shaida ce daga bakin wanda ya aiko da igwa domin a fasa ta.

Amma igwa ba ta yi wa badala ɓarnar da zaman lafiya ya yi mata ba. Dalilin kuwa a fili yake ga duk wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa. Ginin tubali rayuwarsa yaɓe ne. Kowace damina ruwa kan ɗebi rabonsa, kowane rani kuma mai gida kan kwaɓa ƙasa ya mayar, ya duba indararo, ya gyara zanko, ya shafe da makuba idan yana da hali. Haka aka riƙa yi wa ganuwa. Ana raba ta kashi-kashi ga unguwanni da garuruwa, ana fitowa aikin gayya da kiɗa, kowace ƙofa kuma tana da Sarkin Ƙofa mai buɗe ta da asuba ya rufe da almuru, wanda idonsa ke kan duk abin da ya taɓa ɓangarensa. Da yaƙi ya ƙare, sai dalilin gayyar ya gushe, ba a kuma samar da wani dalili a madadinsa ba. Ruwa ya ci gaba da aikinsa, mu kuma muka daina namu. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ta fara zubewa sai masu gini suka ga ƙasa kwaɓaɓɓiya a banza, suka riƙa ɗiba da jakuna, daga baya da motoci. Inda aka ɗebe ya zama hanya, hanya ta zama juji, juji ya zama fili, fili kuma a Kano ba ya kwana ba mai shi.

A nan akwai wani abin da ba a cika haɗa shi da maganar tarihi ba, alhali kuwa uwarsu ɗaya. Kududdufan cikin birni da na bayan ganuwa, galibinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, kuma su ne ke shanye ruwan sama idan an yi mamako. Da aka bi su ana cikewa ana yanka filaye, ruwan bai fasa zuwa ba, sai dai ya nemi wani masauki, wato ɗakunan mutane. Saboda haka mai kare badala da abin da ke kewaye da ita ba tsohon tarihi kaɗai yake karewa ba, har da katifar maƙwabcinsa.

Batun ƙofofi ya fi wuyar warwarewa, kuma adalci ne mu faɗi haka. Ƙofar da aka gina domin raƙumi da jaki ba za ta ɗauki motocin birnin da ke da miliyoyin mutane ba. Mai jinya da ke cikin motar asibiti a cunkoson Ƙofar Nasarawa ba ruwansa da ƙarni na 15. Wannan ce hujjar da aka kafa lokacin da aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a shekarar 2010 domin faɗaɗa titi, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce mai yawa, kuma a shekarun da suka biyo baya an sake gina ƙofofi da dama da siminti, manya, masu faɗi, da ado irin na gargajiya. Sun ƙawata gari, ba mu musa ba. Sai dai baƙon da ya taso daga wata ƙasa domin ya ga ginin ƙasa mai ɗaruruwan shekaru, da ya ɗora hannu ya ji siminti ya san ba abin da ya zo nema ba ke nan. Alhali kuwa na gaba da mu sun bar mana wata dabara: a zamanin Turawa, da buƙata ta taso, sababbin ƙofofi aka huda, irin su Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo, aka bar tsofaffin a inda suke. Titi yana iya kaucewa ya bi ta gefe, tsohuwar ƙofa ta zauna a tsakiya ta masu tafiya a ƙasa. Wannan rikici na titi da tarihi ba mu kaɗai ya dama ba. A 2009 UNESCO ta cire kwarin birnin Dresden na Jamus daga kundinta saboda wata gada da ake ginawa a cikinsa.

A shekarar 2023 an rushe wasu gine-gine da aka yi a filayen da ke jikin badala a kan titin Jami'ar Bayero. Ko mene ne ra'ayin mutum game da yadda aka ba da filayen da yadda aka rushe su, abu guda ya tabbata: kawar da shago ba ya mayar da ganuwa. Filin da aka share, idan ba a auna shi ba, ba a kafa masa alama ba, ba a ba wani amanarsa ba, jiran wani mai ginin yake yi.

Wa ke da alhakin? A nan ne gizo ke saƙa. Bisa doka, ganuwa da ƙofofinta kayan tarihi ne na ƙasa, suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma ta Gwamnatin Tarayya ce. Ƙasar da ganuwar ke kai kuwa, da ikon ba da fili da izinin gini, a hannun jiha suke. Sarakunan ƙofa da masu unguwanni na masarauta ne. Shara da ƙananan kasuwanni na ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale ne. Mai doka ba shi da fili, mai fili ba shi da doka, wanda ke kwana kusa da ganuwar kuma ba a ba shi ko ɗaya ba. Tunkiyar da ke da masu ita da yawa, kura ce ke cin ta. A ganinmu, kafin a yi maganar kasafin kuɗi, wajibi ne waɗannan ɓangarori su zauna a tebur guda su fitar da taswira ɗaya, wadda kowa ya sa wa hannu, mai nuna abin da ya rage tsaye, da abin da ya zube amma gurbinsa na nan, da abin da ya tafi har abada. Na ukun a haƙura da shi. Ba mu goyon bayan a tashi dubban iyalai domin a sake gina abin da ya riga ya shuɗe. Na farko da na biyun ne abin ceto.

Yadda za a cece su kuwa ba sai an je nesa neman darasi ba. A garin Jenne na ƙasar Mali, duk shekara mutanen gari kan fito rana guda su yaɓe babban masallacinsu na ƙasa, unguwa da unguwa suna gasa, mata na kawo ruwa, samari na hawa, magina na duba aiki. Wannan rana ta zama biki da kanta, har baƙi na zuwa kallo. Abin da suke yi shi ne abin da kakanninmu suka yi wa badala. Har yanzu akwai magina a Kano da suka san birji daga jar ƙasa, suka san yadda ake ɗaurin guga da jera azara, amma yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu kuma sun koma bulo domin nan ne abinci yake. Idan aka ware musu aikin yaɓen ganuwa duk shekara, da lada mai kyau, aka haɗa su da ɗaliban sashen gine-gine na manyan makarantunmu, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Kwangilar da za a ba kamfani ya zo da siminti ya gama cikin wata uku ba ita ce magani ba, domin siminti a jikin ƙasa riƙe danshi yake yi, ya ɓamɓare, ya tafi da abin da ke bayansa.

Daga badala mu kan gangara da baƙo karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa an kafa shi a 1498. A nan matsalar ta sha bamban, domin ramukan suna nan, fiye da ɗari, masu aikin ne suka ragu. Marini kan haɗa baba da toka da kanwa a cikin ramin, ya bar su su jiƙa su nuna, sannan ya riƙa tsoma zane yana ɗagawa domin iska ta buge shi, tun yana kore-kore har ya koma shuɗi, har ya yi baƙi idan ana so. Daga nan sai wurin 'yan bugu, waɗanda ke dukan zanen da taɓarya a kan gungume har ya yi sheƙi. Barth ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus, kuma turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa ya isa shaida. Yau atamfa da shadda da ake shigowa da su daga Sin sun cika Kantin Kwari a farashin da marini ba zai iya gogayya da shi ba, kamar yadda masaƙun zamani na Bompai da Sharaɗa da Challawa ma suka kasa. Ramuka da yawa sun bushe, wasu shara ta cike su.

Mun sha ganin baƙo ya tsaya a bakin rami ya ɗauki hoto ashirin, ya yi godiya, ya shiga mota. Marini ya bar aikinsa ya yi masa bayani na rabin awa, bai samu ko na goro ba. Wannan ba yawon buɗe ido ba ne da zai raya sana'a. Karofi ba zai rayu da kallo ba sai da ciniki. Idan da ofisoshin gwamnati, waɗanda ke sayen kyaututtukan ba manyan baƙi duk shekara, za su mayar da sayayyarsu wurin marina da dukawa da maƙeran Kurmi maimakon agogon bango da faranti na ƙasashen waje, da an ga canji ba tare da an ƙara ko kwabo a kasafi ba. Haka su ma otal-otal, labule da shimfiɗar tebur ba su fi ƙarfin karofi ba. Ita Kasuwar Kurmi, wadda Rumfa ya kafa, har gobe ana samun sirdi da linzami da likkafa da jakar fata da tasoshin tagulla a lungunanta, kuma sunayen unguwannin da ke cikin birni, irin su Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna, da Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Ayagi, da Agadasawa, kowannensu babi ne na tarihin kasuwanci. Amma babu allo ko ɗaya da zai gaya wa baƙo haka, kuma masu rakiya da suka san labarin da gaske ba su da yawa. Wani sa'in mu kan ji ana ba baƙo labarin da mu kanmu ba mu taɓa ji ba, sai dai mu sunkuyar da kai.

Gidan Makama, inda aka ce Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta, shi ne wurin da ya fi kowanne shiri don karɓar baƙi. A can ne aka adana wasu tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan farkon zuwan Turawa, kuma rufin sorayensa kaɗai ya isa a je a gani. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Hans Vischer ya zauna ya buɗe makarantar boko a 1909, yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha. Wanda ke son tarihin siyasa kuma sai ya nufi Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan marigayi Malam Aminu Kano. A wajen birni akwai madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, da dajin Falgore, da duwatsun Rurum, amma waɗannan maganarsu daban ce, ta hanya da tsaro da masauki, sai wani jiƙon.

Mu koma kan hawan da ya jawo wannan magana. Wanda bai taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ba, ya ga hakimai na wucewa ɗaya bayan ɗaya da jama'arsu, ya ga 'yan lifida da 'yan sulke, ya ji kakaki da algaita da ƙarar bindigogi, sannan a zo jafi, to gani ya kori ji. Da yawa daga kayan da ake fitowa da su, kamar kakaki da figini da takalman gashin jimina, littafin tarihin Kano ga Rumfa ya jingina su. Ranar Sallah Sarki kan taso daga Idi, kashegari Daushe, sai Hawan Nasarawa da ake zuwa Gidan Gwamnati a zaga ta Sabon Gari, sannan Ɗorayi ko Fanisau. A bayan kowane doki akwai baduku da maɗinki da maƙeri da mai sayar da harawa da mai wanki da guga, waɗanda cinikinsu na shekara ya rataya a kan waɗannan kwanaki.

Shi ya sa abin da ya faru a 'yan shekarun nan ya zama abin dubawa. Hare-haren watan Janairun 2012 sun kori baƙi na tsawon lokaci. A 2020 annobar korona ta hana taruwa. Bayan taƙaddamar sarautar da ta taso a watan Mayun 2024 kuma, rundunar 'yan sanda ta dakatar da hawa a Babbar Sallar wannan shekara, ta sake yin haka a sallolin 2025, wato watanni kaɗan bayan duniya ta karrama shi. Ba hurumin wannan shafi ba ne ya tsoma baki a maganar da ta je gaban kotu, kuma babu mai hankalin da zai fifita kallon dawaki a kan ran ɗan Adam. Abin da za mu iya faɗa shi ne abin da ya shafi baƙo. Wanda zai taso daga Legas ko Yamai ko Landan watanni yake yi yana shiri, ya sayi tikiti, ya kama ɗaki. Idan sau biyu ya ji an soke ana saura kwana uku, karo na uku Katsina ko Zazzau ko Bida zai nufa, domin su ma suna hawa. Baduku kuwa da ya ci bashi ya sayi fata ba shi da inda zai nufa.

Akwai kuma wani kuskure da muke yi idan ana maganar baƙi, wato mu riƙa hango Bature da kyamara a wuya. Turawan da ke zuwa ba su taɓa yin yawan da za su riƙe sana'a ba, kuma su ne na farkon ɗaukewa da zarar ofisoshin jakadancinsu sun yi gargaɗi. Baƙin Kano na haƙiƙa su ne dubban 'yan kasuwa da ke shigowa Kwari da Singa da Dawanau kowane mako daga Nijar da Chadi da Kamaru da kudancin ƙasar nan, da masu zuwa biki da ziyarar malamai, waɗanda kan yi kwana biyu ko uku su koma ba tare da wani ya ce musu ga Gidan Makama can ba. Sai kuma 'ya'yanmu. A cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar nan akwai ɗalibai masu yawan gaske da suka haddace sunan Bagauda domin jarrabawa amma ba su taɓa taka Dala ba. Mun taɓa raka wasu 'yan makarantar sakandare, haifaffun cikin birni, muka tsaya da su a gaban wani guntun badala kusa da Ƙofar Gadon Ƙaya, muka tambaye su mene ne wannan. Ɗaya ya ce tudu ne. Wata ta ce ƙasar da aka tara ce za a yi gini. Yaron da ya tashi yana ganin tudu, ranar da ya zama jami'in filaye ba zai ji komai ba idan ya sa hannu a yanka shi.

Guntayen da suka fi saura a tsaye, irin waɗanda ke tsakanin Ƙofar Ɗan'agundi da Na'isa da Gadon Ƙaya zuwa Dukawuya da Kabuga, ana iya zaga su a ƙafa cikin yini guda da ma'auni da littafi. Ma'aikatan safiyo na jiha suna da kayan aikin, hukumar tarayya tana da ofis a Gidan Makama, sarakunan ƙofa kuma sun san inda kowace iyaka take tun daga bakin iyayensu. Lokacin kwaɓa ƙasa da yaɓe shi ne rani, daga bayan girbi zuwa kafin zafin bazara ya kawo hadari, domin da zarar ruwan Yuni ya sauka ba a taɓa ginin ƙasa sai wata shekara, kuma kowane Agusta da ya wuce yakan tafi da wani abu daga jikin badala.